Tsaba da Ƙaiƙayi, Zangarniya Ɗaya Ta Haife Su

Darasi domin taron ƙungiyoyin manoma na ekklisiya a lokacin kaka

Karatu: Matiyu 3:7-12; Luka 3:10-14; Luka 13:1-9. Masu tsohon juyi na 1932 za su ga Matta da Yohanna, masu juyin 1979 kuwa za su ga Matiyu da Yahaya. Duk ɗaya ne. Shugaban taro ya sa mutum uku su karanta da ƙarfi, a hankali, saboda 'yan'uwa waɗanda ba su iya karatu ba.

A wata kaka na ziyarci ƙungiyar manoma ta wata ekklisiya a ƙauye. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Su talatin da huɗu ne a cikin ƙungiyar. Da farkon damina sun karɓi bashin takin zamani, a kan za su biya da hatsi bayan girbi. Ranar biya ta zo ta wuce, mutum bakwai ba su kawo ko mudu ɗaya ba.

Da aka taru a majami'a, shugaba ya miƙe domin ya buɗe taro da Maganar Allah kamar yadda aka saba. Ya buɗe Matiyu sura 3, ya karanta aya ta 12, inda Yahaya Mai Baftisma yake kwatanta Almasihu da mai shiƙa a masussuka, wanda zai kai hatsi rumbu ya sa wa ƙaiƙayi wuta. Kafin ya rufe littafin, kowa ya waiwaya yana duban bencin baya inda mutanen nan bakwai suke zaune. Ba wanda ya ambaci sunansu, amma kowa ya gane su wane ne ƙaiƙayin.

Sai wata tsohuwa daga cikin matan zumunta ta ɗaga hannu, ta ce, "Ɗana, ina da tambaya. Na fi shekara hamsin ina shiƙa. Ban taɓa ganin gonar da ta ba da ƙaiƙayi zalla ba, ban kuma taɓa kwance dami na iske tsaba zalla ba. Kai a wace gona ka gani?"

Shugaba ya ce, "Mama, ai wannan misali ne."

Ta ce, "To, ai misalin nake tambaya."

Aka yi dariya kaɗan, sa'an nan aka yi shiru. A kan tambayar tsohuwar nan darasinmu na yau yake.

Yadda masu jin Yahaya suka ɗauki maganar

A ƙasar Yahudiya akan tattake alkama da shanu a kan daɓe, sa'an nan a riƙa watsa ta sama da wani cokalin itace mai yatsu domin iska ta kwashe ƙaiƙayin. Mu kuwa da sanda ko taɓarya muke sussuka, mata su sheƙe da ƙwarya. Kayan aikin ne suka bambanta, aikin ɗaya ne.

Dole mu faɗi gaskiya tun da fari. Sa'ad da Yahaya ya yi wannan magana, zancen rarrabe mutane yake yi. Farisiyawa da Sadukiyawa suna tsaye a gabansa, suna taƙama da cewa su zuriyar Ibrahim ne, shi kuwa yana yi musu kashedi. Ba mu da ikon canja wannan.

Amma sai mu lura da abin da ya biyo baya a cikin Luka 3:10-14. Waɗanda maganar ta shige su ba su waiwaya suna neman wane ne ƙaiƙayi a cikin taron ba. Kowane rukuni ya zo yana tambayar abin da shi kansa zai yi. Yahaya ya gaya wa talakawa su raba riga da abinci da wanda ba shi da su. Ya gaya wa masu karɓar haraji kada su ƙara kome a kan abin da aka yanka. Sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Ga shi, mai karɓar haraji bai daina zama mai karɓar haraji ba, soja bai tuɓe kakinsa ba. Wani abu ne a cikinsu ya fita, wato haɗama da zalunci, mutumin kuwa ya tsaya. Wannan shiƙa ce, a cikin mutum ɗaya aka yi ta.

Inda Littafi da kansa ya sa masussuka a cikin mutum ɗaya

Wani zai ce, wannan ai dabarar mai rubutu ce domin ya sassauta maganar hukunci. To, bari mu duba wasu wurare.

A Luka 22:31-32, daren da za a kama Yesu, ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi ya tankaɗe su kamar alkama, amma shi ya yi wa Bitrus addu'a. Aka kuwa tankaɗe shi a daren nan. Me ya faɗi ƙasa? Fariyar da ya yi cewa ko kurkuku ko mutuwa zai bi Ubangiji. Wannan ta tafi da iska kafin zakara ya yi cara. Me ya saura? Mutum mai kuka mai zafi, wanda daga baya aka ba shi kiwon tumaki. Da a ce 'yan ƙungiyar nan ne suka yi wa Bitrus shari'a da asuba ta ranar Jumma'a, da sun jefa shi wuta gaba ɗaya.

Annabi Malakai a sura 3 ya kwatanta zuwan Ubangiji da wutar mai tace azurfa da kuma sabulun mai wanki. Su wa za a tace? 'Ya'yan Lawi, wato masu hidima a Haikali, ba baƙi na waje ba. A yau sai mu ce fasto da dattawa da masu bishara da shugabannin ƙungiya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san maƙeri ba ya zuga wuta domin ya hallaka ƙarfe. Yana so ne kashin maƙera ya fita, garma ta fito. Haka kuma Ishaya, a sura 6, ya ga ɗaukakar Ubangiji ya ce tasa ta ƙare, gama bakinsa ba shi da tsarki. Garwashin wuta daga bagade ya taɓa leɓunansa. Laifin ya ƙone, annabin ya tashi ya karɓi aike.

Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 3:10-15, ya yi zancen masu gini a kan harsashi ɗaya, wato Kristi. Wani ya yi gini da zinariya da azurfa, wani da itace da ciyawa da kara. Wuta za ta gwada aikin kowa a Ranar nan. Akwai wanda aikinsa zai ƙone ƙurmus, shi kansa ya tsira kamar wanda ya fito da gudu daga ɗakin da ya kama wuta. Duk wanda ya taɓa ganin gobara a ƙauye da rani ya san abin da Bulus yake nufi: jinka da danni sun tafi, katangar ƙasa tana nan tsaye, mai gida yana tsaye a waje hannu wofi.

Wurin da na fi so, mu manoma, shi ne Ishaya 28:23-29. Annabin yana tsakiyar maganar hukunci mai nauyi, sai ya tsaya ya ce a dubi manomi. Manomi ba ya ta huɗa kullum ba shuka. Ƙananan iri masu ƙanshi da sanda mara nauyi ake kaɗe su, ba a bi ta kansu da abin sussuka mai nauyi. Hatsin abinci ma ba a ta bugunsa har abada, kada ya farfashe. Annabin ya ce Allah ne ya koya wa manomi wannan hikima. Mu ma mun sani, ba a bugun riɗi yadda ake bugun dawa. In Allah ne ya koya mana haka, shi bai san yawan bugun da kowannenmu zai iya ɗauka ba? Sussuka tana da iyaka, tana kuma da manufa. Manufar ita ce rumbu.

Iyayenmu biyu na Afirka

Wannan irin karatu ba sabon abu ba ne, ba kuma daga Turai ya fara ba. Orijin, malamin ekklisiya a Iskandariya ta ƙasar Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 185, ya yi tunani mai zurfi a kan wutar hukunci. Ya dubi Ishaya 50:11, inda ake zancen masu hura wa kansu wuta, ya koyar cewa mai zunubi shi yake tara wa kansa itacen. Zunuban da ya tara su ne makamashin, lamirinsa kuma yana tuna masa da su ɗaya ɗaya. Ya kwatanta abin da zazzaɓin da yakan taso daga cikin jikin mutum, ba daga waje ba.

Agustin kuwa bishop ne a Hippo, garin da ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya yanzu. Ya rayu daga 354 zuwa 430. A zamaninsa ekklisiyar Afirka ta Arewa ta rabu biyu. Tun lokacin tsanani na 303, wasu shugabanni sun ji tsoro sun miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma domin a ƙone. Mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce ekklisiyar da ta karɓi irin waɗannan ta ƙazantu, sai su ware su zama tsarkaka su kaɗai. Rigimar ta kai shekara ɗari, har a 411 bishop-bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka zauna a Kartaj suna muhawara. Agustin ya riƙa cewa ekklisiya a duniyan nan masussuka ce, ba rumbu ba tukuna. Tsaba da ƙaiƙayi suna tare a kan daɓe har Mai shiƙa ya zo, wanda kuwa ya tashi daga daɓen kafin lokaci, iska ce ta ɗauke shi.

Ya kuma lura da wani abu a cikin misalin alkama da ciyawa na Matiyu 13. Ciyawar da ake nufi a can tana kama da alkama ƙwarai har sai ta fid da kai. Mu a nan sai mu ce shibra a cikin gero. Lokacin cira ko gwanin manomi yakan yi kuskure, ya tuge gero ya bar shibra. Agustin ya ce a gonar ƙasa ciyawa ba ta taɓa komawa alkama, amma a gonar Ubangiji wanda yake ciyawa yau yana iya zama alkama gobe, haka kuma mai alkama yana iya lalacewa. Saboda haka aka hana barori tugewa.

(A nan bari in ɗan ratse. A cikin misalin, maƙiyi ne ya zo da dare ya yafa mugun iri. Amma shibra tamu, sau da yawa ba wanda ya yafa mana ita. Bununinta yana haɗuwa da na gero a gona, sai mu ajiye iri a rumbunmu, baɗi mu shuka ta da hannunmu, mu zo muna zagin maƙwabci. Shi ya sa malaman gona suke cewa a zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye a tsakiyar gona, a cire shibra kafin ta yi bununi.)

Ramuka a gefen hanya

Wannan hanyar karatu tana da amfani, amma akwai ramuka a gefenta, kada mu faɗa.

Na fari, kada wani ya fita daga taron nan ya ce an koya mana babu ranar shari'a, duk misali ne na abin da ke faruwa a zuciya. Ba haka ba ne. Yesu da kansa ya fassara misalin ciyawa a Matiyu 13:36-43. Ya ce gonar duniya ce, kakar ƙarshen zamani ce, masu girbin mala'iku ne. Malakai wanda ya yi zancen wutar tacewa a sura 3, shi ne kuma a sura 4 ya yi zancen ranar da masu girman kai za su zama kamar tattaka a tanderu. Ibraniyawa 9:27 ta ce bayan mutuwa akwai shari'a. Orijin ma, da dukan iliminsa da azabar da ya sha a kurkuku saboda Kristi a tsanani na 250, ya zarce a nan. Ya sa zuciya cewa a ƙarshe wutar za ta tsarkake kowa da kowa. Ekklisiya ta ƙi wannan koyarwa a tarurrukan da aka yi a Kustantiniya a 543 da 553. A ganina ga yadda abin yake: domin akwai babbar shiƙa a gaba, shi ya sa Allah cikin alherinsa yake yi mana ƙananan shiƙa tun yanzu. Bulus ya faɗi kusan haka a 1 Korintiyawa 11:31-32, cewa in mun gwada kanmu ba za a hukunta mu ba, horon da Ubangiji yake yi mana kuwa domin kada mu hallaka tare da duniya ne.

Rami na biyu ya fi na farin haɗari gare mu 'yan ƙungiya. Mutum yakan ce, "Tsakanina da Allah ne, a zuciya abin yake," alhali mudunsa na saye dabam, na sayarwa dabam. Annabi Amos, makiyayi ne mai kuma lura da itatuwan ɓaure daga Tekowa, ya yi annabci fiye da shekara 700 kafin haihuwar Yesu. Ku karanta Amos 8:4-6. Ya ga 'yan kasuwa suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma ciniki, suna rage ma'auni, suna ƙara kuɗi, har sharar hatsi suna haɗawa suna sayarwa. Wato ƙaiƙayin da ya kamata iska ta ɗauka, su cikin buhu suke mai da shi. Wanda yake zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake, ko ya yayyafa wa auduga ruwa domin ta yi nauyi, ko ya bubbuga gindin mudu ya lotsa, kada ya ce ana shiƙa a zuciyarsa. In ana yi, mai sayen hatsinsa ne zai fara sani.

Na uku, kada mu ɗauki wahalar ɗan'uwa mu ce hukuncin Allah ne a kansa. Tsofaffinmu suna tune da fari na 1973, da kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta lalata gonaki da yawa a arewacin Nijeriya. Ba ta zaɓi gonar mai zunubi ta tsallake ta dattijon ekklisiya ba. A Luka 13 aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe. Shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ya ce ba su fi sauran mutane laifi ba, sa'an nan ya juyo da maganar a kan masu kawo labarin, ya ce su tuba. Nan take ya ba da misalin ɓauren da ya yi shekara uku ba 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare. Mai lura da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya tone gindin ya zuba taki. Ku lura, bai ce kada a sare har abada ba. Shekara guda ya roƙa, bai kuwa roƙe ta domin ya zauna a inuwa ba, domin ya ɗauki kwandon taki ne.

Yadda taron nan ya ƙare

Bayan tambayar tsohuwar, wani dattijo ya ce a kawo littafin ƙungiya, a bi mutanen bakwai ɗaya ɗaya maimakon a haɗa su dami guda. Aka iske uku gonakinsu a fadama suke, ruwa ya ci. Ɗaya matarsa ta yi wata biyu a asibiti, ya sayar da hatsin tun yana gona. Biyu kuwa ba su zuba takin ba sam, kasuwa suka kai shi, ɗayansu ya amsa da bakinsa a gaban kowa. Na bakwai ya ce takinsa bai zo hannunsa ba sai da dawa ta kusa fid da kai.

A nan ne abin ya juya. Da aka duba ranakun rabo, sai aka ga mota ta farko da ta zo, shugaba da 'yan'uwansa da surukinsa suka fara ɗiba, na nesa da majami'a suka jira mota ta biyu har mako uku. Shugaba ya daɗe yana duban ƙasa. Sa'an nan ya ce, "'Yan'uwa, gaskiya ne. Ni na yi." Ban ga abin da ya faru a zuciyarsa ba, ba wanda ya gani. Abin da na gani shi ne ya ɗauki rabin bashin mutumin nan na bakwai a kansa, ya kuma ce daga yanzu a riƙa jefa ƙuri'a a kan wanda zai fara ɗiba.

Kada a ce ƙungiya ta yafe bashi duka. Ba ta yafe ba, bai kuwa kamata ba, gama kuɗin na gwauraye da matasa ne da suka haɗa da guminsu, Zabura 37:21 kuma ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Masu fadama da mai jinya aka ɗaga musu zuwa kaka mai zuwa. Biyun da suka sayar da taki aka ce su biya kafin Kirsimati, ba kuma za a ba su bashi baɗi ba, amma ba a kore su ba. Ɗaya ya biya. Ɗayan ya yi fushi ya bar ƙungiya, har na bar ƙauyen bai kawo kome ba. Tsohuwar nan ce kaɗai na ji tana zuwa gidansa gaisuwa.

Domin tattaunawa

Shugaban taro ya zo da zangarniyar dawa ko ta gero, ya ba kowa ɗan reshe ya murtsuke a tafin hannu ya hura, kowa ya ga abin da ya tashi da abin da ya saura. Sa'an nan a rabu uku uku ko huɗu huɗu, mata dabam in sun fi sakewa haka, a yi magana a kan waɗannan.

Sa'ad da aka karanta Matiyu 3:12 ɗazu, fuskar wa ta fara zuwa maka a rai? Ba sai ka faɗi sunan ba.

In da Yahaya zai amsa wa manomi, da ma'ajin ƙungiya, da mai awo a kasuwa, kamar yadda ya amsa wa sojoji da masu haraji, me kuke tsammani zai ce wa kowannensu?

A cikin ƙungiyarmu, wane ne yake bukatar a tone gindinsa a zuba taki bana, wa kuma zai ɗauki kwandon?

Taro mai zuwa, magatakarda ya zo da littafin rabo da na bashi domin a karanta a gaban kowa, a fara da sunayen shugabanni. Kowane gida kuma ya zo da mudun da yake awo da shi, a gwada su duka da na ƙungiya.